Mu mun ce Jamus, Larabawa sun ce Almaniya, su kuma sun ce Deutschland: ina aka samo wannan bambancin?

Akwai wani abu da muke gani kusan kullum a waya amma ba mu cika tsayawa mu tambaya ba. Ka shiga wani shafin intanet na ƙasar Jamus sai ka ga adireshin ya ƙare da .de, to ina D ina E a cikin Jamus? Ko Germany ɗin da Turawan Ingila ke faɗa ma ai babu D a ciki. Na Suwizalan kuma .ch ne, na Aljeriya .dz, na Kuroshiya .hr. Dalili shi ne su Jamusawan ba Jamus suke kiran ƙasarsu ba, ba kuma Germany ba, Deutschland suke cewa, ana furta shi kamar Doyiclan. Kuma ba mu kaɗai ne muka raɗa musu wani suna daban ba, Larabawa na cewa Almaniya, Faransawa Allemagne, mutanen Folan na cewa Niemcy, 'yan Finlan kuma Saksa, 'yan Siwidin Tyskland, duk fa ƙasa guda ce ake wa wannan kiran.

Abu na farko da ya kamata mu cire daga kanmu shi ne tunanin nan cewa sunan Turanci shi ne sunan yanka sauran kuma duk laƙabi ne ko kwaikwayo, wallahi ba haka ba ne, Germany ma sunan waje ne kamar yadda Jamus yake sunan waje, babu wanda ya fi wani asali a cikinsu. Masana sunayen wurare sun raba abin gida biyu, akwai sunan gida wato wanda masu ƙasar ke kiran ƙasarsu da shi a harshensu, akwai kuma sunan waje wanda maƙwabta da baƙi suka sa. Ni kuma yadda na fahimci abin, kowane sunan waje sawu ne, idan ka bi shi zai kai ka har bakin wanda ya fara kawo muku labarin ƙasar, da hanyar da ya biyo, da zamanin da aka yi abin.

Mu tsaya kan Jamus ɗin tukuna don ita ce ta fi kowa tarin sunaye. Ƙasa ce a tsakiyar Turai maƙwabta sun kewaye ta ta ko'ina, kuma ba ta dunƙule ta zama ƙasa ɗaya ba sai a 1871, kafin nan ƙabilu ne da masarautu barkatai. To mutum in yana zaune a yamma da su, ƙabilar da ke bakin iyakarsa ita ya sani, sai ya ɗauki sunanta ya yafa wa duk wanda ke bayanta. Waɗanda ke wajen Faransa ta yau ƙabilar Alemanni ce maƙwabciyarsu a wajen kogin Rhine, shi ne Allemagne, daga nan Sifaniyawa suka ce Alemania, Turkawa Almanya, Larabawa Almaniya. Mutanen Finlan da Estoniya su kuma 'yan ƙabilar Saxon suka sani ta hanyar fatauci a tekun Baltik, shi ne Saksa. Rumawa tun zamanin Julius Kaisar suna kiran mutanen tsallaken Rhine da Germani, Ingilishi suka gada daga Latin, mu kuma kunnenmu ya ji Germans daga bakin Ingilishi, harshenmu ya gyara shi ya koma Jamus, har muka yi masa Bajamushe da Jamusawa da Jamusanci ya zama ɗan gida. Shi kuwa Deutsch asalinsa wata tsohuwar kalma ce mai nufin "na jama'a", wato harshen da talakawa ke yi saɓanin Latin na malaman coci. Wannan kalmar ce dai ta zama Tysk a bakin mutanen Siwidin da Denmak, ta zama tedesco a bakin Italiyawa, kuma ita ce Dutch ɗin da Ingilishi suka ƙare suna kiran mutanen Holan da ita.

Amma wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne Niemcy. Ya fito ne daga wata kalmar harsunan Silab, wato dangin harsunan Folan da Rasha, mai nufin bebe, ko wanda ba ya iya magana. Ba wai Jamusawa ba sa magana ba, a'a, maganarsu ce ba a ganewa, to a kunnen maƙwabcin kamar ba su ce komai ba kenan. Wannan ɗabi'a ce ta ɗan Adam ko'ina, duk wanda ba ka jin yarensa sai ka ɗora masa laifin. Larabawa sun kira waɗanda ba Larabawa ba da Ajam, musamman Farisawa, asalin kalmar kuma wanda maganarsa ba ta fita sosai ne, kuma ita ce fa wannan Ajamin da muke kiran rubutun Hausa da haruffan Larabci da shi. Girkawa su ma duk wanda ba ya jin Girkanci barbaros suke ce masa, wai maganarsa bar-bar-bar kawai take a kunnensu. Ingilishi na da can sun kira maƙwabtansu na yamma da wata kalma mai nufin baƙi, ita ce ta zama Wales, alhali su mutanen Cymru suke kiran ƙasarsu, wato ƙasar 'yan'uwa, ka ga kenan an mai da mutum baƙo a gidan ubansa. Sannan ka duba tafiyar da kalmar beben nan ta yi, Turkawan Daular Usmaniyya sun are ta daga Silabawa suka riƙa kiran masu jin Jamusancin da suke gwabza yaƙi da su Nemçe, Larabawa suka karɓa daga Turkawa, shi ya sa har gobe sunan ƙasar Ostiriya a Larabci Annimsa ne, su kuwa 'yan ƙasar Österreich suke cewa, daular gabas.

To haka abin yake a wurare da dama, ɓangare ne ke cinye sunan duka. Girka, su Hellas ko Ellada suke ce wa ƙasarsu. Rumawa sun san wasu daga cikinsu da sunan Graeci sai suka kira kowa haka, duk Turai ta bi, mu ma Girka ɗinmu daga can ta zo. Farisawa kuma da ke gabas Girkawan yankin Ionia suka fara haɗuwa da su, a gaɓar tekun yammacin Turkiyya ta yanzu, suka ce musu Yauna, shi ne Yunan da duk wanda ya yi karatun littattafan Larabci ya sani, Turkawa kuma Yunanistan. Maroko ma haka, Turawa sun ɗauki sunan birnin Marrakesh suka ba ƙasar gaba ɗaya, Turkawa suka ɗauki na birnin Fas, har yau Fas suke kiran ƙasar, masu ita kuma Almagrib suke cewa, mafaɗar rana, tushe ɗaya da magaribar da muke faɗa. Holan larduna biyu ne kacal daga cikin 12 ke ɗauke da wannan sunan, amma da yake su ne masu jiragen ruwa da manyan biranen kasuwanci irin su Amsterdam da Rotterdam sai duniya ta san ƙasar da su, sai a 2020 gwamnatinsu ta daina amfani da Holland wajen tallata ƙasar ta tsaya kan Netherlands. Koriya kuma sunan wata daula ce Goryeo da ta yi mulki daga 918 zuwa 1392, daular ta tafi sunan ya zauna a bakin baƙi, yanzu ta Kudu na ce wa kanta Hanguk ta Arewa kuma Choson.

Labarin Sin ya fi wannan daɗi. Su Zhongguo suke cewa, ƙasar tsakiya. Sin ɗin da muke faɗa daga Larabci ne Assin, Larabawa sun samu daga Farisawa masu cewa Chin, kuma yawancin masana na danganta shi da daular Qin, ana furta ta Cin, wadda ta haɗe ƙasar a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa AS. China ta Ingilishi ma tushensu ɗaya da Sin, hanya ce kawai ta bambanta, ɗaya ta biyo ta bakin Larabawa ɗaya kuma ta bakin 'yan Fotugal masu jiragen ruwa. Amma Rashawa Kitay suke cewa, don su ta tudu labarin ya iso musu, ta arewa, inda wasu mutane da ake kira Khitan suka kafa daular Liao a ƙarni na 10 suka riƙe arewacin Sin har 1125. Wannan sunan ne ya shiga Turai a matsayin Cathay ta bakin matafiya irin su Marco Polo, kuma abin mamaki Turawa sun daɗe suna zaton Cathay daban China daban, ƙasashe biyu, har taswira suna zanawa a haka, sai a farkon shekarun 1600 wani ɗan mishan ɗan Fotugal Bento de Góis ya taso daga Indiya ta ƙasa yana neman Cathay ya tsinci kansa a Sin, aka tabbatar abu ɗaya ne. Sunan bai mutu ba ma, kamfanin jiragen sama na Cathay Pacific na Hong Kong shi yake ɗauke da shi.

Dalili na biyu shi ne baki da kunne. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, harshe ba ya karɓar sautin da babu shi a cikinsa sai ya tanƙwara shi. Akwai kogin da a harshen Sanskrit ake kira Sindhu, Farisawa na da inda Indiyawa ke sa S su H suke sawa, sai ya koma Hindu, Girkawa suka karɓa suka yar da H ɗin ya zama Indos, daga nan India. Larabawa suka tsaya kan Alhind, shi ya sa mu muke da guda biyu, tsofaffi na cewa ƙasar Hindu 'yan boko na cewa Indiya, kuma duk kogi ɗaya ne, kogin da tun rabuwar 1947 ma mafi yawansa a Pakistan yake gudana. Su kuma suna da Bharat, kundin tsarin mulkinsu da ya fara aiki a 1950 ya ambaci sunayen biyu tun a sashe na farko, kuma a 2023 lokacin taron G20 an yi ta cece-ku-ce da aka ga katin gayyata ya fito da sunan shugabar Bharat. Larabci babu P, shi ya sa yankin Pars ya zama Faris muka ce Farisa, Folan ta zama Bulanda, Fotugal ta zama Burtugal. Mu kuma Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe babu wasali a tsakani, shi ya sa France ta zama Faransa, England ta zama Ingila, Spain ta zama Sifen. Sinawa nasu salon daban ne, sukan ɗauki gaɓa ɗaya daga sunan su zaɓa mata harafi mai ma'ana mai kyau su liƙa guo wato ƙasa, Amurka ta zama Meiguo wanda a rubuce yake nufin kyakkyawar ƙasa, Ingila Yingguo, Faransa Faguo, Jamus kuma Deguo, ka ga su sun kama De ɗin Deutschland.

Japan ma aikin baki ne. Su Nihon ko Nippon suke cewa, mafitar rana, don in kana tsaye a Sin ta wajensu rana ke ɓullowa. Haruffan da ake rubuta sunan da su na Sin ne, Sinawan kudu na karanta su da nasu lafazin, 'yan kasuwar Malay suka ji suka ce Jepang, 'yan Fotugal da suka kama Malacca a 1511 suka ji daga Malay suka kai Turai tun kafin ƙafarsu ta taka Japan ɗin a 1543. Wani lokacin ma ba suna ake ji ba, wata kalma ce kawai da baƙin ke yawan maimaitawa. Waswahili na kiran Fotugal da Ureno, daga o reino wato masarauta, abin da matuƙan jirgin ke cewa in suna maganar gida, Maori na New Zealand kuma suna kiran Faransa Wiwi saboda oui oui ɗin da Faransawa ke yi.

Yanzu bari in zo kan wanda ya fi damuna, don shi ne ya sa ni wannan rubutun. Na sha ganin matasa suna gyara wa mutum in ya ce Masar, wai Egypt ake cewa, ko su ga kamar Habasha da Sin da Sham sunayen tsofaffi ne na ƙauyanci. Ɗan'uwa Masar ta fi Egypt kusa da abin da masu ƙasar ke faɗa nesa ba kusa ba, a rubuce Misr, a bakin mutumin Alƙahira Masr, sunan da ya zo a Alƙur'ani, kuma Yahudawa ma Mizrayim suke cewa, tushe ɗaya. Egypt daga Girkanci ne Aigyptos, wanda masana ke mayar da shi ga sunan wani ɗakin bauta na gunkin Ptah a tsohon birnin Memphis, kuma wannan Aigyptos ɗin ne Larabawa suka taƙaita ya zama Ƙibɗ, Ƙibɗawan da muke ji a wajen malamai. Fir'aunoni su kuma Kemet suke cewa, baƙar ƙasa, saboda baƙin laka da kogin Nilu ke bari bayan ambaliya. Habasha ma ba ƙirƙirar Bahaushe ba ce, sunan da Larabawa suka san ƙasar da shi ne tun kafin hijirar sahabbai zuwa wajen Najjashi, shi ne Turawa suka murɗa ya zama Abyssinia, kuma har yau akwai 'yan ƙasar masu kiran kansu Habesha. Ethiopia kuwa Girkanci ne, ana fassara shi da masu ƙonanniyar fuska. In ka jera sunayen ƙasashe a Hausa za ka ga hawa biyu ne ƙarara, Masar da Sham da Habasha da Sin da Hindu da Farisa da Rum sun shigo ta hanyar Larabci da malamai da alhazai, Jamus da Ingila da Amurka da Rasha da Beljiyam kuma sun shigo daga baya ta bakin Turawa da rediyo. Wanda ya yar da hawa na farko ya rungumi Egypt bai matso kusa da sunan gida ba, wani sunan wajen ya sake ɗauka, na Girkawa.

Akwai kuma sunayen da fassara su ake yi don suna da ma'ana a fili. Mu kanmu muna cewa Afirka ta Kudu da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Montenegro baƙin dutse take nufi a bakin mutanen Venice, masu ƙasar na cewa Crna Gora, Turkawa Karadağ, Larabawa Aljabalul Aswad, ma'ana ɗaya baki huɗu. Wannan ne ya ishi Kwadebuwa, Ingilishi na cewa Ivory Coast, Jamusawa Elfenbeinküste, Larabawa Sahilul Aj, kowa na fassara gaɓar hauren giwa da yarensa, a taron ƙasashe inda ake zama bisa jerin haruffa yau suna layin I gobe suna layin C, sai a 1985 gwamnatin Houphouët-Boigny ta roƙi duniya a bar fassarawa a ce Côte d'Ivoire kawai. Cape Verde ta bi sahu a 2013 ta ce Cabo Verde.

To a nan siyasa ke shigowa, don suna linzami ne, kuma ƙasa na da damar ta ce ga wanda take so. Sarki Reza Shah a 1935 ya nemi ƙasashen waje su daina cewa Persia su ce Iran, wanda dama shi ne sunan gida tun fil azal, Pars lardi ɗaya ne kawai. Siam ta koma Thailand a 1939, Gold Coast ta zama Ghana a 1957, Ceylon ta zama Sri Lanka a 1972, wannan tsibirin da Larabawa suka sani da Sarandib. Thomas Sankara a ranar 4 ga Agustan 1984 ya cire Upper Volta ya haɗa kalma ɗaya daga harshen Mossi ɗaya daga Jula ya samar da Burkina Faso, ƙasar mutane masu mutunci, ni a ganina wannan yana cikin mafi kyawun sauyin suna da aka taɓa yi, don sunan farko Turawa ne kawai suka duba kogi a taswira suka manna, kamar yadda 'yan Fotugal suka ga jatan lande a wani kogi suka kira shi Rio dos Camarões har ya zama Kamaru. Sarki Mswati na III ya mai da Swaziland Eswatini a 2018, ya ma ce a waje ana rikita su da Suwizalan. Turkiyya kuma a 2022 ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta koma rubuta Türkiye maimakon Turkey da ya yi karo da sunan talotalo a Ingilishi, mu dai wannan bai shafe mu ba don dama abin da bakinmu ke faɗa kenan.

Amma fa ba kullum ake karɓa salin alin ba. Sojojin Burma sun sauya sunan zuwa Myanmar a 1989, gwamnatin Amurka ta daɗe tana cewa Burma don kada ya zama ta amince da mulkinsu, wato sunan da ka furta ma yana nuna ɓangaren da kake. Masedoniya ta fi kowa shan wahala, Girka ta ce sunan nata ne don tana da yanki mai wannan sunan a arewacinta, ta tare mata hanyar shiga NATO a 2008, aka yi ta ja-in-ja kusan shekara 27 sai da aka sa hannu kan yarjejeniyar Prespa a 2018, ta zama Masedoniya ta Arewa a 2019, sannan ta shiga NATO a 2020. Jojiya su Sakartvelo suke cewa, Rashawa na ce musu Gruziya, bayan yaƙinsu da Rasha a 2008 suka shiga roƙon ƙasashen da suka ari sunan daga Rashanci su daina, Japan ta sauya a 2015, Lituweniya ma ta koma kiransu da sunan gidan. Irin wannan ni ina goyon baya ɗari bisa ɗari, in masu ƙasa sun ce suna yana musu ciwo to a bar shi, babu abin da zai ragu a jikin mai kira. Abin lura kawai shi ne yawancin ƙasashe ba su taɓa kokawa ba, Jamus ba ta ce a daina Almaniya ko Niemcy ba, Finlan da ke kiran kanta Suomi ba ta damu ba, haka Hangari mai Magyarország, Albaniya mai Shqipëria, Armeniya mai Hayastan.

Majalisar Ɗinkin Duniya tana da kwamitin ƙwararru kan sunayen wurare, babban taron ƙasashe na farko kan wannan batu an yi shi a Geneva a 1967, kuma sun sha ba da shawarar a rage sunayen waje musamman a taswira da takardun hukuma don gudun ruɗani, amma ita kanta majalisar harsuna shida take aiki da su kuma kowanne da nasa jerin sunayen. Inda aka samu matsaya ɗaya shi ne haruffa biyun nan na ISO, hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, da aka fara fitarwa a 1974, waɗanda daga baya intanet ta ara, kuma da yawansu daga sunan gida aka ciro su. DE daga Deutschland, HR daga Hrvatska wato Kuroshiya, DZ daga Dzayer yadda 'yan Aljeriya ke furta Aljaza'ir, tsibirai, sunan da ya samo asali daga wasu 'yan tsibirai da ke gaban babban birnin. Ita kuma Suwizalan matsalarta a cikin gida take, harsunan ƙasa huɗu gare ta, masu Jamusanci na cewa Schweiz, masu Faransanci Suisse, masu Italiyanci Svizzera, masu Romansh Svizra, in aka ɗauki ɗaya ukun za su ga an fifita wani a kansu. Sai suka koma Latin da babu mai yinsa a cikinsu suka ce Confoederatio Helvetica, daga sunan ƙabilar Helvetii da ta zauna a wurin tun zamanin Rumawa, shi ne CH ɗin da ke ƙarshen adireshinsu da jikin motocinsu, a kan tambarin wasiƙarsu kuma Helvetia kawai za ka gani a rubuce.